Tsawa Ko Ilmi? Abin Lura A Rayuwar Zeljko Obradovic

Duk wanda yake bin labarin ƙwallon kwando na ƙasashen Turai, ko da a wayar hannu yake kallo, da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton wani dattijo mai furfura ba, tsaye a gefen fili, fuska ta yi ja wur, jijiyoyin wuya sun tashi, yana surfa wa wani ƙato faɗa kamar zai haɗiye shi, alhali kuwa ƙaton nan ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Wannan dattijo shi ne Zeljko Obradovic, mutumin ƙasar Sabiya, wanda ya ci babban kofin ƙungiyoyin Turai, watau wanda ake kira EuroLeague a yanzu, har sau tara, da ƙungiyoyi biyar, a ƙasashe huɗu. Masu horarwar da suke biye da shi a wannan lissafi huɗu-huɗu gare su.

Samari da yawa, musamman waɗanda aka ɗora wa kyaftin ko aka ba su riƙon wata 'yar ƙungiya, sun ga wannan hoto sun ɗauka cewa tsawar ita ce asirin, har suna kwaikwayonta. Ra'ayina shi ne sun yi wa rogo kallon kitse. Abin da ya ɗaukaka mutumin nan shi ne ya yarda ya koma ɗalibi a daidai lokacin da aka ce masa ya zama malami, kuma bai daina neman sani ba har ya yi furfura. Bari mu bi tarihinsa daki-daki, mai karatu ya yanke hukunci da kansa.

An haifi Obradovic ran 9 ga Maris, 1960, a garin Cacak, lokacin Sabiya tana cikin tarayyar Yugoslabiya. Ya fara wasa a ƙungiyar garinsu mai suna Borac, sa'an nan a 1984 ya koma Partizan ta birnin Belgrade. Matsayinsa a fili shi ne na mai raba ƙwallo, watau wanda yake ɗauko shi daga baya, ya dubi yadda abokan hamayya suka tsaya, ya zaɓi dabarar da za a bi. Ya yi wa ƙasarsa wasa, ya sami lambar azurfa a wasannin Olimfik na birnin Seoul a 1988, da lambar zinariya a gasar duniya da aka yi a Ajantina a 1990. Amma fa kada mu yi masa ƙari. A cikin waccan ƙungiya akwai su Drazen Petrovic da Vlade Divac da Toni Kukoc, kuma su ne jama'a suke biyan kuɗi don su gani. Obradovic ɗan wasa ne nagari mai hankali, wanda aikinsa shi ne ya sa taurari su haskaka.

A 1991, yana da shekara 31, yana cikin shirin zuwa gasar ƙasashen Turai da za a yi a birnin Rum, sai Partizan ta rasa mai horarwa. Dragan Kicanovic, tsohon gwanin wasa wanda shi ma ɗan Cacak ne, shi ne yake kula da harkar wasa a ƙungiyar, kuma shi ya danƙa masa aikin, bisa sharaɗin ya ajiye wasa nan take. Ya ajiye. Abokansa suka tafi Rum suka ciyo zinariya ba da shi ba. Shi kuwa ya wayi gari yana shugabantar yaran da jiya-jiya suke canza riga a ɗaki ɗaya da shi, ba tare da ya taɓa riƙe wata babbar ƙungiya ba ko da ta kwana ɗaya.

To, a nan ne ya yi abin da yawancin tsofaffin 'yan wasa ba sa iyawa. Ya yarda a ajiye masa malami a gefe, watau Aleksandar Nikolic, wanda duk Yugoslabiya take kira Farfesa. Shi wannan tsoho an haife shi a 1924, ya koyar a Jami'ar Belgrade, ya ci kofin Turai sau uku da ƙungiyar Varese ta Italiya a 1970 da 1972 da 1973, ya kuma ciyo wa Yugoslabiya kofin duniya a birnin Manila a 1978. A ce mutum an naɗa shi shugaba, sa'an nan kullum ga wani tsoho zaune a wurin atisaye yana gyara masa kuskure, yaransa suna ji suna gani, wannan abu ne da girman kai ba ya bari a jure. Obradovic ya jure, don ya san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Dubi kuma irin shekarar da abin ya faɗo a ciki. Yaƙi ya ɓarke, Yugoslabiya tana wargajewa. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta hana a yi wasannin Turai a ƙasar, saboda haka Partizan ta ɗauki wani gari mai suna Fuenlabrada, kusa da Madrid a ƙasar Sifen, ya zama gidanta. Yara ne ƙanana, yawancinsu ba su daɗe da haura shekara ashirin ba, kullum suna kan hanya, hankalinsu rabi yana gida. Duk da haka suka kai wasan ƙarshe a Istambul ran 16 ga Afrilu, 1992, suka haɗu da Joventut ta garin Badalona. Saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, Joventut tana gaba da maki biyu, sai Aleksandar Djordjevic ya ɗauko ƙwallo a guje ya yi jifa daga nesa, irin mai maki uku. Aka tashi 71 da 70. A shekarar nan ɗaya Partizan ta haɗa kofin Turai da na gasar ƙasa da na ƙalubale.

Mai gardama zai ce ai wannan sa'a ce, jifa ɗaya ne, da ya kuskure da ba wanda zai san sunan Obradovic. Na yarda akwai sa'a a jifan. Amma sa'a ba ta kai yara irin waɗannan har bakin wasan ƙarshe, kuma ba ta zuwa wa mutum sau tara. Bayan watanni kaɗan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi wanda ya shafi har wasanni, Partizan ba ta sami damar kare kofinta ba, taurarinta suka watse. A 1993 Joventut ɗin nan da ya kayar ita ce ta ɗauke shi aiki, ya ciyo mata kofin a 1994 a Tel Aviv, suka doke Olympiakos ta Girka 59 da 57. Ya koma Real Madrid ya sake ci a 1995. Kafin ya cika shekara 36 yana da kofi uku da ƙungiyoyi uku. Daga nan ya yi shekara biyu a Treviso ta Italiya, sa'an nan ya zauna a Panathinaikos ta birnin Atina daga 1999 zuwa 2012, inda ya ci kofin Turai a 2000 da 2002 da 2007 da 2009 da 2011, da gasar ƙasar Girka sau 11. Na tara ya zo a 2017 da Fenerbahce, kuma shi ne karo na farko da wata ƙungiyar Turkiyya ta ɗauki wannan kofi. Gwarzon zagayen ƙarshe na waccan shekara shi ne Ekpe Udoh, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya kuma sa wa Nijeriya riga daga baya.

Yanzu sai mu tambaya, me ya sa na ce ilmi ne ya kawo wannan? Ina da dalilai.

Da farko, sai an fahimci irin wasan. A ƙwallon ƙafa, da zarar an hura usur, mai horarwa ya zama kusan ɗan kallo, canjin da zai yi ƙidayayye ne. A ƙwallon kwando kuwa mutum biyar-biyar ne a fili, ana canji ba iyaka, wanda ya fita yana iya dawowa, kuma mai horarwa yana da ikon tsayar da wasa na minti guda ya tara yaransa ya zana musu abin da za su yi a kan ɗan allo. A cikin minti arba'in na wasa, kowace ƙungiya takan kai hari sau da dama ƙwarai, kuma a kowane hari akwai shawarar da za a yanke: wa zai tare wa, wa zai bi wa, ta ina za a ɓulle. Wanda ba shi da sani, in ya tsayar da wasa, ba abin da zai ba yara sai ihu. Wanda yake da sani, a cikin minti ɗayan nan zai gaya wa kowa taku nawa zai yi da inda zai tsaya. Waɗanda suke yaɗa hoton Obradovic yana faɗa sukan yanke wurin da ya durƙusa da allo a hannu, don shi ba ya jawo 'yan kallo.

Na biyu, wasan da ya tarar a 1991 ba shi ne wanda ya ci kofi da shi a 2017 ba. Da can ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta yi jifa, a shekarar 2000 aka rage zuwa 24, aka kuma raba wasa kashi huɗu maimakon biyu. A 2010 aka ja layin maki uku baya, daga mita 6.25 zuwa 6.75. Ga kuma dokar ɗaukar baƙin 'yan wasa da ta sassauta, har ƙungiya guda ta zama taron mutanen ƙasashe daban-daban, kowa da harshensa da tarbiyyarsa. Kowane ɗaya daga cikin sauye-sauyen nan ya kashe kasuwar wasu masu horarwa, waɗanda abu ɗaya suka iya. Obradovic ya ci kofi kafin kowane sauyi, ya kuma ci bayansa. A Madrid ya gina wasansa a kan dogon nan ɗan Lituweniya, Arvydas Sabonis. A Atina ya gina shi a kan Dejan Bodiroga, daga baya kuma a kan Dimitris Diamantidis, wanda aka zaɓa gwanin tsaron gida na Turai har sau shida. Tsawa iri ɗaya ce tun 1991, dabara ce take sabuwa kowace shekara. Mutumin da ya daina karatu ba zai iya haka ba.

Na uku, a dubi almajiransa. Dimitris Itoudis ya yi shekara 13 yana mataimakinsa a Panathinaikos, sa'an nan ya tafi CSKA ta birnin Mosko ya ci kofin Turai a 2016 da 2019. Wanda ya kayar a wasan ƙarshe na 2016 a Balin kuwa shi ne malaminsa, bayan an yi ƙarin lokaci. Sarunas Jasikevicius, wanda ya yi wasa a ƙarƙashinsa a Atina, shi ya ciyo wa Fenerbahce kofinta na biyu a 2025. Djordjevic mai jifan Istambul ya riƙe ƙungiyar ƙasar Sabiya ya kai ta wasan ƙarshe na gasar duniya a 2014 da na Olimfik a 2016. Fushi hali ne, ba a koyar da shi a gada. Abin da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu shi ne sani, kuma shi ne ya bi ta hannun Nikolic ya zo ga Obradovic, ya wuce ga waɗannan.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi mutum ɗaya girma. Sabiya ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan 7 ba. Amma daga 1992 zuwa 1997, shekara shida a jere, duk wanda ya ɗaga kofin Turai mai horarwa ɗan Sabiya ne yake riƙe da shi: Obradovic sau uku, Bozidar Maljkovic sau biyu, Dusan Ivkovic sau ɗaya. Ivkovic ɗin nan shi ne ya horar da Obradovic a ƙungiyar ƙasa a 1988 da 1990. Ruwa ba ya tsami banza. Mutanen nan sun ɗauki horarwa a matsayin fanni na ilmi, wanda ake karantawa a jami'a, ake zama gaban malami, ake yin shekaru ana riƙe wa wani allo kafin a ce an iya. Yaƙi ya raba ƙasar, takunkumi ya rufe ta, kuɗi ya ƙare, amma abin da yake cikin kawunan malamai bai ƙone ba. Shi ya sa da aka buɗe musu ƙofa suka dawo da ƙarfinsu, har Obradovic da kansa ya jagoranci ƙungiyar ƙasa ta sami azurfa a Olimfik na Atlanta a 1996, da zinariyar Turai a 1997, da zinariyar duniya a 1998.

Akwai masu cewa duk tsohon gwani zai iya wannan in an ba shi dama. Tarihi bai goyi bayansu ba. Magic Johnson, wanda duniya ta shaida gwanintarsa, ya karɓi horar da Los Angeles Lakers a 1994, ya yi wasa 16, ya ci 5, ya sha kashi a 11, ya ajiye. Gwani yakan yi abu ne da baiwa, sau da yawa bai san yadda ya yi shi ba, balle ya fayyace wa wani. In yaro ya kasa, sai ya ga kamar da gangan ne. Shi kuwa wanda ya yi wasa da ƙwaƙwalwa don ƙafarsa ba ta kai ta wasu sauri ba, ya riga ya saba da tambayar dalilin kowane abu. Wasa sana'a ce, koyar da wasa wata sana'a ce dabam, kuma shiga ta biyu sai an sake zama sabon shiga.

Wasu kuma za su ce kuɗi ne. Gaskiya ne Panathinaikos ta zamaninsa tana hannun attajirai, iyalin Giannakopoulos masu kamfanin magunguna, Fenerbahce ma ba matalauciya ba ce. Ba na musun cewa kuɗi yana sayo 'yan wasa. Sai dai abokan hamayyarsa ma ba da hannu wofi suka zo ba. A 2002 ya je har Bologna, gidan ƙungiyar Kinder mai su Manu Ginobili, ana gaba da shi da rata mai yawa, ya juya wasan ya ci 89 da 83. Kofinsa na farko kuwa, da yara marasa gida ya ci shi. Ga masu cewa bai taɓa gwada kansa a gasar NBA ta Amurka ba, amsa ita ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A can tauraro yakan fi mai horarwa ƙarfin faɗa a ji, kuma tsarin mutumin nan ba ya tafiya sai in maganarsa ce ta ƙarshe.

A nan ne ma za mu ga iyakarsa, don ba daidai ba ne a yabi mutum a ɓoye inda ya gaza. Ya dawo riƙon ƙungiyar ƙasa a 2004, aka fitar da su tun zagayen farko a Olimfik na Atina. A 2005 ƙasarsa ce ta karɓi baƙuncin gasar Turai, ga 'yan wasa da dama daga NBA, kowa ya sa rai, sai Faransa ta kore su a birnin Novi Sad tun kafin zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Ya fito gaban 'yan jarida ya fasa ƙwai, ya ce girman kai da ƙiyayyar juna ne suka cinye ƙungiyar, ya ajiye aikin. To, ina tsawar take a ranar? Tana nan, ba ta ragu ba, amma ba ta tsinana kome ba. Faɗan malami yana amfani ne kawai ga wanda ya riga ya yarda cewa malamin ya fi shi sani, kuma don gyaransa yake yi. Inda babu wannan yarda, faɗa hayaniya ce. Haka kuma da ya koma Partizan a 2021, ya ci gasar yankinsu ta ABA a 2023, amma a shekarar nan Real Madrid ta fitar da shi daga gasar Turai bayan ya ci wasa biyu na farko a gidanta, aka yi dambe a fili, aka dakatar da wasu yaransa, ya sha kashi a ukun da suka rage. Zafin rai in ya sauka daga benci ya shiga fili, ga irin abin da yake haifarwa.

Saboda haka ni ban ga abin koyi a fushinsa ba. Aibi ne da 'yan wasa suka yafe masa, don sun ga abin da yake tafe da shi. Sun ga ba ya tsallake babba ya huce a kan ƙarami, tauraro da ɗan benci duk faɗa ɗaya suke sha. Sun ga in sun bi abin da ya zana, ƙwallo yana shiga. Wanda ya ɗauki aibin ya bar ilmin da adalcin, ya ɗauki ƙaiƙayi ne ya zubar da tsaba, kuma ba zai daɗe ba yaransa za su watse su bar shi da usur a wuya.

'Yan'uwa ɗalibai, a cikinmu akwai waɗanda gobe za a ce su riƙe ƙungiya, ko aji, ko ofis, tun ba su gama sanin aikin ba, kamar yadda aka yi wa wannan mutum yana da shekara 31. Ranar da haka ta faru, abu mafi sauƙi shi ne ɗaga murya, don a rufe rashin sani. Abu mai wuya shi ne a nemo wanda ya riga mu, a ba shi kujera a gefe, a bar shi ya gyara mana a gaban waɗanda muke shugabanta. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Nikolic ya rasu a shekarar 2000, kuma a 2016 aka sa sunansa a babban zauren wasan nan na Belgrade da aka fi sani da Pionir. Tsohon da ya zauna a gefe yana gyara shi aka karrama da zaure, saurayin da ya yarda a gyara shi kuwa ya tara kofi tara. Wanda yake son ya kwaikwayi Obradovic, to, daga shekarar 1991 ya kamata ya fara.